Bas ɗin Mabera zuwa Kasuwa: sharhi daga ɓangaren fasinja mai keken guragu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, zirga-zirga a cikin garin Sakkwato ta zama abin da sai an zauna an yi lissafinsa, kuma nauyin ya fi danne gidajen da ke da mai buƙata ta musamman, domin su ne a da suka dogara ga ɗaukar shatar keke napep daga ƙofar gida zuwa inda za a je. Wanda ƙafafunsa ke lafiya zai iya tsayar da kabu-kabu ya haye, ko ya taka rabin hanya don ya rage kuɗi, amma wanda ke kan keken guragu ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi sharhi a kan wani kamfanin sufuri mai zaman kansa da ke jigilar fasinja tsakanin gefen Mabera da Babbar Kasuwa, da motocin bas masu kujera 18 da kuma sanannun wuraren tsayawa a kan hanya. Yayana, wanda shan inna ta kama tun yana ƙarami, tela ne a kusa da kasuwa, kuma da wannan bas yake fita aiki, ni kuma nakan raka shi a ranakun da hanyarmu ta zo ɗaya. Saboda haka ma'aunin da na yi amfani da shi ba gudun mota ba ne ko taushin kujera. Tambayata ita ce ko mutumin da ba ya iya taka ƙasa zai shiga ya fita lafiya, cikin mutuncinsa.

Aikin wannan kamfani yana da kyau ƙwarai a wuri ɗaya, yana kuma da rauni mai tsanani a sauran wuraren. Bambancin bai fito daga motar ko direban ba, tunda mota ɗaya ce kuma direba ɗaya ne daga farkon layin zuwa ƙarshensa. Ya fito ne daga ko an bar wa bas ɗin filin da za ta raɓa gefen titi ta tsaya, ko kuwa motocin mutane sun riga sun cinye wurin kafin ta iso.

Abin da ya shafi cikin motar ba ya buƙatar dogon bayani. Motocin suna da tsabta daidai gwargwado, kuɗin mota tsayayye ne ba a ciniki, kuma bai kai ko kusa da kuɗin shata ba. Kujerar da ke bakin ƙofa an keɓe ta ga tsofaffi da masu lalura, kuma na sha ganin kwandasta ya tayar da matashi daga kanta ba tare da hayaniya ba. Keken guragu mai naɗewa ana sa shi a baya ba a karɓar kuɗin kaya, wanda abin yabo ne. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda shi ne mafi yawan guragun garin nan ke amfani da shi, ba ya shiga ko kaɗan, don haka mai irinsa ya san cewa wannan bas ba za ta yi masa amfani ba. Babu allon hawa, wato gangaren da ake shimfiɗawa a ƙofa don keken guragu ya bi ya shiga, a ko ɗaya daga cikin motocin, kuma matakin ƙofar yana da tudu. Wannan rashin allo shi ya sa wurin tsayawa ya zama komai, domin idan motar ba za ta sauko wa fasinja ba, to dole ne ƙasa ta ɗago shi zuwa ga motar.

A babbar matsayar da ke farkon layin ne kamfanin ya fahimci haka, kuma ya yi abin da ya kamata da kayan da ba su da tsada. An gina dakalin siminti a gefen titi wanda tsayinsa ya kusa daidai da matakin ƙofar bas, aka yi masa gangare mai sauƙi daga gefe ɗaya yadda keke zai hau ba tare da an tura shi da ƙarfi ba. An rufe magudanar ruwan da ke wurin da faifan kankare. An shafa fenti ruwan ɗorawa a bakin titin, aka ajiye tsofaffin tayoyi biyu masu fenti, ɗaya a farkon filin ɗaya a ƙarshensa, akwai kuma inuwar dogon yaro da benci. Duk waɗannan da sun zama aikin banza in ba don mutum ɗaya ba, wato wani dattijo da kamfanin ya ɗauka, mai riga mai sheƙi da usur a wuya, wanda ba shi da wani aiki illa hana kowace mota tsayawa tsakanin tayoyin nan biyu.

Na tsaya na kalli yadda yake aikinsa wata safiya da wata babbar mota mai baƙin gilashi ta kunno kai cikin filin, saboda akwai mai sayar da ƙosai da kunu a kusa. Dattijon bai busa usur ba, bai kuma daki motar da hannu ba. Ya taka zuwa tagar direba ya yi sallama, ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, a taimaka a ɗan gusa gaba da tayar can, bas na tafe kuma muna da mai keke." Alhajin ya ce, "Baba, minti biyu ne, saƙo kawai zan karɓa." Dattijon ya ce, "Na sani Alhaji, in ka gusa ni zan kawo maka saƙon da hannuna." Alhajin ya leƙo ya ga Yaya a kan dakali, ya ɗaga masa hannu, ya ja motarsa gaba, dattijon kuma ya cika alkawari ya kai masa ledarsa. Ba a yi faɗa ba, ba a ci mutuncin kowa ba, kuma wurin ya kasance a buɗe lokacin da bas ɗin ta iso. A ganina wannan dattijo shi ne mafi daraja a cikin duk abin da kamfanin ke biyan kuɗinsa.

Idan filin yana buɗe, direba yakan shigo a hankali ya miƙe motar har ta yi daidai da dakalin, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafin hannu ba. Yaya yakan matso da kekensa bakin ƙofa, ya danne birki biyu, ya kama ƙarfen da ke jikin ƙofar da hannun dama, ya dafa kujerar da hagu, ya ɗaga jikinsa ya koma ciki da kansa. Shekarun tuƙa keke da jan zare sun ba shi ƙarfin hannu da yawancinmu ba mu da shi. Kwandasta ya naɗe keken ya sa a baya, mota ta tashi. Duk abin ba ya ɗaukar lokacin da ya wuce na mace mai goyo da kaya, kuma babu wanda ya taɓa jikinsa. Wannan batu na ƙarshe shi ne wanda masu lafiya ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne Yaya ya fi ambata idan ana maganar bas ɗin a gida. Magidanci ne mai 'ya'ya da almajiran ɗinki a ƙarƙashinsa, kuma shiga mota da ƙarfin kansa a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Akwai dalilin da ya sa tayoyin nan biyu suke nesa da juna fiye da tsawon motar, kuma masu fakin da yawa ba su gane shi ba. Bas ba ta shiga wuri ta gefe. Sai ta karkato kanta ta shigo, sannan ta yi gaba kaɗan kafin bayanta ya miƙe, kuma tana buƙatar wani filin a gaba don ta fita. Mota ɗaya da aka ajiye a bakin shiga ta isa ta sa bas ɗin ta tsaya a karkace, gabanta kusa da dakali, ƙofar fasinja kuma nesa da shi. Mai motar zai rantse cewa bai tare wurin ba, tunda ga fili nan ya bari, kuma a idonsa gaskiya ya faɗa. Amma ramin da ya rage tsakanin dakali da ƙofa, wanda mai lafiya zai tsallake ba tare da ya duba ba, shi ne iyakar tafiyar mai keke. A Amurka, ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashin dokar haƙƙin masu naƙasa ta 1990 sun tanadi cewa filin hawa bas ya kai ƙafa 8 daga bakin titi zuwa ciki, da ƙafa 5 a faɗi, shimfiɗaɗɗe babu abin da ya tare shi. Dakalin da nake magana a kai bai kai wannan ba, amma ya nuna cewa wanda ya gina shi ya yi tunanin yadda keke ke juyawa.

Daga nan sai labarin ya canza. Sauran wuraren tsayawa a kan layin suna da allo mai sunan kamfanin, wasu ma da ɗan fentin da ya koɗe, amma babu mai tsaro a ko ɗaya. Wanda ya san yadda gefen Titin Ahmadu Bello da titunan da ke kewaye da kasuwa ke kasancewa da hantsi ya san abin da ke biyo baya. Motocin masu shaguna da na abokan cinikinsu suna jere tun safe, masu keke napep suna tsaye a daidai inda fasinja ke taruwa domin nan ne abincinsu yake, 'yan kabu-kabu sun cike 'yan kafofin da suka rage, ga masu baro, ga teburin mai kankana da na mai cire kuɗi. Bas ɗin idan ta zo ba ta da inda za ta raɓa, sai ta tsaya a tsakiyar hannunta, tsakaninta da gefen titi akwai jerin motoci.

Sauka a irin wannan wuri shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Da zarar bas ta tsaya, motocin da ke bayanta sun fara danna oda, direba kuma hankalinsa ya rabu. Kwandasta ya zagaya baya ya ciro keken ya buɗe shi a kan kwalta, a cikin siririyar hanyar da ke tsakanin bas da motocin da aka ajiye, wadda ita ce kuma hanyar da 'yan kabu-kabu ke kutsawa da gudu don su wuce ta dama. Tunda babu dakali, kujerar bas ta yi sama keken ya yi ƙasa, Yaya ba zai iya sauka da kansa ba. Sai kwandasta da duk wanda Allah ya kawo su kama shi, ɗaya a hammata ɗaya a gwiwa, su sauke shi kamar buhun albasa, hularsa a hannun wani, rigarsa ta tattare. Suna yi ne da kyakkyawar niyya, kuma yakan yi musu godiya, amma na san fuskarsa, na kuma san ba ya son a yi masa magana na ɗan lokaci bayan haka. Bas ta wuce ta bar shi a kan titi, sannan a fara neman kafar da keke zai bi tsakanin motoci biyu. Sau da yawa babu, domin masu fakin suna matse juna, kuma inda aka samu kafar sai a tarar da buɗaɗɗiyar kwata a bayanta. Dole ya bi gefen motocin a kan kwalta, manyan motoci na wucewa dab da kafaɗarsa, har sai ya kai inda jerin ya ƙare. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙarfen keken kansa ba ya taɓuwa. Da damina kuwa ruwa kan rufe ramukan da ya saba kauce wa.

Ba mai keke kaɗai abin ke shafa ba. Akwai wata baiwar Allah mai sanduna biyu da muke yawan haɗuwa da ita a ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Idan bas ta tsaya a tsakiyar titi, matakin ya yi mata tudu, kuma ba za ta yarda namijin da ba muharraminta ba ya ɗauke ta ba, wanda haƙƙinta ne kuma babu mai ganin laifinta. Sai ta ce wa kwandasta, "Ku tafi, ɗana, zan jira ta baya," ta bayan kuma ta zo ta tarar da motocin nan ba su motsa ba. Makaho ya dogara ne ga abin da ba ya canzawa: ya san taku nawa ne daga kwana zuwa allon, sandarsa ta san bakin titin, kunnensa ya san inda ƙofa ke buɗewa. Idan yau bas ta tsaya nan gobe can saboda motocin da aka ajiye, duk wannan sani ya rushe, kuma ɗan jagoransa, wanda galibi ƙaramin yaro ne, shi ake turawa gaba cikin ababen hawa. Kurma kuma ba zai ji odar babur ɗin da ke tahowa ta bayansa ba a lokacin da yake sauka. Tsohon da ke fama da ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da wanda aka sallamo daga asibiti da karaya, duk suna cikin wannan sahu.

Babban laifin da nake ɗora wa kamfanin shi ne abin da wasu direbobinsa ke yi idan suka hango wurin a cushe kuma suka hango mai keke yana jira. Direban yakan yi lissafi a ransa cewa tsayawa a tsakiyar titi har a ɗauko mutum a naɗe keke zai jawo masa zagi daga baya, wataƙila ma da jami'an hanya, sai ya rage gudu don masu lafiya su ɗafe, ya taka mota ya wuce. Wannan ya faru da Yaya, kuma ba sau ɗaya ba. Na fahimci matsin da direban ke ciki, amma fahimta ba ta mayar da abin daidai ba, kuma kamfanin da ya iya tunanin dakali da mai tsaro ya isa ya gaya wa direbobinsa cewa barin irin wannan fasinja laifi ne da ake hukunci a kansa. Akwai kuma wani abin da ya fi ba ni takaici, wato yadda wata bas ɗin kamfanin kanta kan zauna a matsayar kasuwa tana jiran lodi, ta hana 'yar'uwarta mai sauke fasinja raɓawa. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa kafin a gyara shi.

Adalci ne kuma a faɗi inda ikon kamfanin ya tsaya. Titi ba nasa ba ne, ba shi da hurumin cin tarar kowa ko kiran janwe, kuma dattijon da na yaba ba shi da makamin da ya wuce ladabi da furfura. Masu ajiye motocin ma ba mugaye ba ne. An gina shaguna da bankuna har bakin kwalta ba a bar wurin ajiye mota ba, don haka duk inda mutum ya ga sarari nan zai shiga, kuma wurin tsayawar bas shi ne sararin da ya fi kowane jan ido. Kowannensu yana ganin minti biyu kawai zai yi, kuma da yawa ba su wuce hakan ba. Sai dai kafin ya fita wani ya riga ya kunna sigina yana jiran gurbinsa, ta haka minti biyun mutane daban-daban ke haɗuwa su rufe wurin daga hantsi har la'asar, ba tare da ko ɗayansu ya ji a ransa cewa shi ya rufe ba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, kuma a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna musu wariya ta 2018, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Dokar ta ce direba ya tabbatar motarsa ta tsaya cik kafin mai naƙasa ya hau ko ya sauka, ta ce sauran fasinja su jira shi ya fara shiga, ta kuma wajabta keɓe musu gurabe a wuraren ajiye motoci na jama'a, tare da tarar naira 5,000 ga mai lafiyar da ya ajiye motarsa a gurbin. Wanda aka samu da laifin nuna wariya zai iya biyan naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuma naira 1,000,000. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar don a gyara gine-gine da wuraren jama'a ya cika a Janairun 2024. Abin da nake so a lura da shi shi ne cewa umarnin a tsaya cik da umarnin a bar shi ya fara shiga duk sun ginu ne a kan zaton cewa bas ɗin ta iso inda yake. Idan jerin motoci ya shiga tsakaninsu, direba zai iya cika kowane sharaɗi na dokar, fasinjan kuma ya kasance bai hau ba.

Ƙasashen da suka riga mu a wannan fanni sun gano haka bayan sun kashe kuɗi masu yawa a kan motoci masu allon hawa, domin allon ba ya aiki sai ya sauka a kan dakali. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya, a ƙa'ida ta 243, ya hana tsayawa ko ajiye mota a wurin tsayawar bas ko kusa da shi, ya kuma hana tare inda aka sassauta bakin titi domin masu keke. A birnin New York an fara sa kyamarori a jikin motocin bas a 2019 don kama masu tare hanyar bas, sannan a 2024 aka faɗaɗa aikinsu ya haɗa da masu tare wuraren tsayawa, ana aika wa mai motar takardar tara. Ban kawo wannan don in ce Sakkwato ta sayo kyamarori ba. Na kawo shi ne don a ga cewa ko inda ake da fenti da alluna da motoci na zamani, wurin ba ya zama a buɗe sai akwai wanda ke tsare shi, kuma a nan garin an riga an gwada hanyar da ta dace da mu an ga tana aiki.

Abin da nake roƙon kamfanin shi ne ya maimaita abin da ya yi a farkon layin a wurare biyu ko uku da suka fi cunkoso, musamman na bakin kasuwa, ko da zai ƙara ɗan wani abu a kuɗin mota, domin na tabbata iyalai irin namu za su biya da farin ciki. Mai tsaron zai fi ƙarfi idan kamfanin ya nemi jami'an kiyaye haɗurra da masu kula da zirga-zirga na jiha su riƙa leƙa wuraren a lokutan cunkoso, ya kuma zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi da na masu keke napep a nuna musu inda za su tsaya, taku kaɗan a gaba, yadda ba za su rasa fasinja ba. Kafin a zuba siminti a ko'ina, a kira Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman su zo da kekunansu da sandunansu su gwada, saboda gangaren da ya yi tsaye da yawa ba shi da maraba da babu. Masu shaguna kuma suna da riba a ciki, tunda fasinjan da ya sauka lafiya a ƙofarsu mai saye ne.

Malamanmu ma suna da abin faɗa a nan, kuma a gari irin Sakkwato maganarsu ta fi allo tasiri. Kowane ɗalibi ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci masu zama a bakin hanya su ba hanya haƙƙinta, ya kuma lissafa kame cuta daga mutane a cikin haƙƙoƙin, haka nan kowa ya san cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne kuma yanki ne na imani. Mun saba fassara wannan da ƙaya da dutse da kwalba, alhali motar da ta tilasta wa gurgu shiga tsakiyar kwalta ta fi su cutarwa nesa ba kusa ba. Mutumin da zai miƙa wa gurgu sadaka ta tagar motarsa yana iya kasancewa shi ne ya tare masa hanyar zuwa wurin sana'ar da za ta raba shi da karɓar sadakar, kuma na yi imani da yawa za su daina idan aka nuna musu haka a huɗuba.

Masu wannan buƙata ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna rayuwa da wata babbar naƙasa. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar shan inna na ƙarshe a Najeriya a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, amma yaran da ta kama a shekarun baya su ne magidanta da matan aure na yau, masu ɗinki da gyaran waya da koyarwa da zaman ofis, kuma za su ci gaba da neman hanyar zuwa aiki shekaru masu yawa nan gaba. A kansu ake ƙara waɗanda haɗarin babur da shanyewar ɓarin jiki ke zaunarwa kowace shekara.

Ga wanda ke tunanin gwada wannan bas, ko sa wani nasa a ciki, shawarata ita ce ya hau daga babbar matsayar farkon layin ko da zai ɗan wahala kafin ya kai can, kuma ya fita da sassafe kafin masu shaguna su buɗe, domin a lokacin har wurin tsayawa na kasuwa yakan kasance a sarari. Ya gaya wa kwandasta inda zai sauka tun kafin mota ta tashi, ya kuma roƙi direba ya sauke shi a duk inda aka samu fili kafin allon ko bayansa, maimakon a dage sai daidai allon. Ranar Juma'a daga azahar a bar bas ɗin, saboda motocin masallata kan cika gefen titunan da take bi. Dawowa da yamma daga kasuwa ba na ba mai keke shawararta sai yana tare da mai taimaka masa, Yaya ma har yanzu shata yake ɗauka a dawowa. Dattijon mai tsaro yana tashi ne da magariba, kuma ba ya zuwa ranar Lahadi, a waɗannan lokutan babbar matsayar ma takan cika da motocin masu sayen tsire.